YADDA A KE HAƊA BATURA DON WUTAR RANGADI

Makasudin wannan takarda

An shirya wannan bayani ne domin Hakimai da malamansu, musamman waɗanda ƙasarsu ta ke da faɗi, su kan kwana biyu ko uku a ƙauye in sun fita rangadi. A da guzurin malamin rangadi bai wuce alƙalami da tawada da fitilar ƙwai ba. Yanzu kuwa akwai wayar hannu, da kwamfuta, da lasifika don yi wa jama'a jawabi, wani lokaci har da ɗan firji na allurar rigakafi in ma'aikatan lafiya sun biyo ayarin Hakimi. Duk waɗannan wuta su ke ci, ga shi kuwa ƙauyuka da yawa ba su da wutar lantarki.

Saboda haka a kan sami ƙaramar tirela wadda mota ke ja, a ɗora mata batura da faifan hasken rana. A Turai da Amurka mutane kan ja irinta zuwa daji don hutawa, amma mu nan ta aiki ce. Batir guda ba ya isa, tilas a haɗa biyu ko huɗu. To, wajen haɗin nan ne a ke ɓarna: kayan da aka saya da kuɗin jama'a su lalace tun ba su shekara ba, ko wuta ta tashi, ko allura ta ɓaci, gama ita ba ta son zafin da ya wuce digiri 8, ba ta kuma son sanyin da ya kasa digiri 2. Ba a nufin Hakimi ya zama mai gyaran wuta. Abin da a ke so shi ne ya san abin da zai tambaya, malaminsa kuma ya san abin da zai duba kafin a biya mai aiki ladansa.

Abin da batir ya ke

Wani masani na Italiya, Alessandro Volta, shi ya fara ƙera batir a 1800, daga sunansa kuma aka samo kalmar bolt. A 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙera batirin dalma wanda a ke iya sake cika shi in ya ƙare. Shi ne kakan batirin mota da kowa ya sani. A cikinsa akwai ɗakuna 6, kowane ɗaki da faifan dalma a cikin ruwan batir, kowane kuma yana ba da bolt 2 da 'yan kai. In an tara su sai a sami bolt 12.

Awo uku ya kamata malami ya riƙe, kuma misali da ruwa zai sauƙaƙa su.

1. Bolt shi ne ƙarfin turi, kamar tsawon hasumiyar da aka ɗora tankin ruwa a kai. A jikin batir a kan rubuta shi da harafin V.
2. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudu a waya, kamar yawan ruwan da ke bin bututu. Abin da batir zai iya riƙewa kuwa, watau girman tankin, a kan auna shi da amfiya-sa'a, a rubuta Ah.
3. Wat shi ne cin wutar kowane abu. In an ninka bolt da amfiya sai a sami wat. Ta haka batir mai bolt 12 da Ah 100 yana riƙe da wat-sa'a 1,200.

Kowane batir yana da kai biyu. Ɗaya na da alamar tarawa (+), a kan sa masa jar waya. Ɗayan na da alamar ɗebewa (−), a kan sa masa baƙa. Za mu kira su kan tarawa da kan ɗebewa.

Irin batirin da ya dace

Batirin tada mota bai dace da wannan aiki ba. An yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci, injin ya tashi ya mayar masa nan take. In ana tatsarsa dare duka, kullum, ba zai daɗe ba. Wanda ya dace shi ne mai faifai masu kauri, irin wanda a ke sayarwa don inbata da sola, ko mai ruwa ko rufaffe. Shi ma kada a sha fiye da rabin abin da ke cikinsa kafin a sake cika shi.

Akwai kuma batirin lithiyom, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Nau'in da a ke sa wa tirela yana ba da bolt 12.8, nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, ana iya shan kashi 8 cikin 10 na wutarsa, yana kuma daɗewa ƙwarai. Sai dai ya fi tsada, kuma ba kowane ne ya yarda da kowane irin haɗi ba. Tilas a karanta takardar maƙerinsa tukuna.

A fara da lissafi

Kafin a sayi kome, malami ya zauna ya rubuta kayan da za a kunna, da cin kowane, da sa'o'in da zai yi yana aiki a yini da dare. Ga misali:

Fitilu 4 masu wat 5, sa'a 5: wat-sa'a 100.
Lasifika mai wat 40, sa'a 2: wat-sa'a 80.
Kwamfuta mai wat 60, sa'a 4: wat-sa'a 240.
Cajin wayoyi 6: wat-sa'a 60.
Fanka mai wat 20, sa'a 8: wat-sa'a 160.
Ɗan firji mai wat 45, injinsa na aiki sa'a 12: wat-sa'a 540.

Jimla 1,180, a ce 1,200. Batirin dalma mai Ah 100 yana riƙe da 1,200, amma tun da rabi kaɗai aka yarda a sha, 600 ya ke bayarwa. Ke nan batir 2 za su yi kwana ɗaya. In ana so a yi kwana 2 ko da hadari ya rufe rana, sai batir 4. A tuna kuma inbata, wadda ke mai da wutar batir ta zama bolt 230 irin ta gida, ita ma tana cin wajen kashi 1 cikin 10 na abin da ya bi ta cikinta. Don haka gara a bar rara.

Hanya ta fari: haɗin ayari

Masu gyara suna kiransa siris. Kamar raƙuman ayari ne, a ɗaura akalar na baya a jikin na gaba. A ɗauki waya guda a haɗa kan ɗebewa na batir na fari da kan tarawa na batir na biyu. Kawuna biyu sun rage ke nan, na tarawa a batir na fari, da na ɗebewa a na biyu. Daga su a ke jan wuta.

A wannan haɗi bolt ke ƙaruwa, amfiya-sa'a ba ta ƙaruwa. Batir 2 masu bolt 12 da Ah 100 su kan zama bolt 24, Ah 100. Haka a ke yi wa manyan motocin ɗaukar kaya. Haka kuma batir 2 masu bolt 6 su kan ba da bolt 12.

Amfanin wannan hanya a wajen waya ya ke. Inbata mai wat 1,200 tana jan amfiya 100 a bolt 12, amma amfiya 50 kaɗai a bolt 24. In wutar da ke gudu ta ragu da rabi, zafin da waya ke ɗauka sai ya koma rubu'i. Amma fa duk abin da za a jona, da inbata da fitilu da na'urar caji, tilas su zama na bolt 24. Kayan bolt 12 in aka ba su 24 nan take su ke ƙonewa.

A nan akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mai gyara ya ga yana bukatar bolt 12 don rediyo ko fitila, sai ya ja waya daga batir guda cikin biyun. Wannan batir zai riƙa ƙarewa kafin ɗan'uwansa, wajen caji kuma ba zai cika ba, ɗayan kuwa ya wuce ƙima yana tafasa. Ƙarshenta duka biyu su mutu. In ana bukatar bolt 12, akwai 'yar na'ura mai rage 24 zuwa 12, ita za a saya.

Hanya ta biyu: haɗin sahu

Masu gyara suna kiransa faralel. A jera batura kafaɗa da kafaɗa, a haɗa kan tarawa da kan tarawa, kan ɗebewa da kan ɗebewa. A nan bolt ba ya ƙaruwa, amfiya-sa'a ke ƙaruwa. Batir 2 masu bolt 12 da Ah 100 su kan zama bolt 12, Ah 200. Ga ƙaramar tirela wannan hanya ta fi sauƙi, domin motar da ke janta ta bolt 12 ce, yawancin fitilu da firjin tafiya ma haka.

A lura, ko ayari ko sahu, wutar da aka tara ɗaya ce. Bolt 24 sau 100 daidai ne da bolt 12 sau 200, watau wat-sa'a 2,400. Duk mai aikin da ya ce wata hanya tana ninka wuta, bai san aikinsa ba.

Sharuɗɗan haɗin sahu huɗu ne.

1. Kafin a haɗa, a cika kowane batir shi kaɗai, a bar su su huta, a auna. Kada bambancinsu ya wuce kashi 1 cikin 10 na bolt. In aka haɗa cikakke da wanda ba kome ciki, wuta za ta kwarara daga wannan zuwa wancan da ƙarfi har waya ta yi zafi.
2. Wayoyin da ke tsakanin baturan su zama kauri ɗaya, tsawo ɗaya.
3. Kada a ja wuta daga kawuna biyu na batir guda. A ɗauki jar waya daga batir na farkon sahu, baƙa daga na ƙarshen sahu. In ba a yi haka ba, na kusa shi zai riƙa ɗaukar kaya, na nesa na hutawa, na kusan ya riga mutuwa.
4. Kada sahu ya wuce batir 4. In bukata ta fi haka, gara manyan batura kaɗan da ƙanana masu yawa. In sun kai 3, kowane ya sami fis nasa, domin in ɗaki guda ya lalace a cikin ɗaya, sauran za su juye wutarsu a kansa.

Hanya ta uku: ayari biyu a sahu

In akwai batir 4 kuma ana son bolt 24, sai a yi ayari biyu, kowane da batir 2. Sa'an nan a ɗauki kowane ayari tamkar batir guda, a haɗa su haɗin sahu. Abin da za a samu shi ne bolt 24, Ah 200. Wannan haɗi ya fi rikitarwa, don haka mai aiki ya zana shi a takarda, malami ya ajiye zanen, a kuma manna kwafinsa a murfin akwatin batura.

Tsara da tsara a ke haɗawa

Wannan ita ce babbar doka. Baturan da za a haɗa su zama iri ɗaya, girma ɗaya, maƙeri ɗaya, an kuma saye su lokaci ɗaya. Kowane manomi ya san abin da ke faruwa in aka ɗaura tsohon sa da ɗan maraƙi a garma guda. A ayari, ƙaramin batir shi ke fara ƙarewa, shi ke kuma fara tafasa. A sahu, tsohon batir ya kan riƙa shan wutar sabo ko da ba a kunna kome ba. Mai ruwa da rufaffe ba sa haɗuwa, balle dalma da lithiyom, domin kowane da irin cajin da ya ke so. In batir guda ya mutu cikin tsofaffin da suka shekara biyu suna aiki, sayen sabo guda a sa a tsakaninsu asara ce. A sake su duka, masu sauran ƙarfi a ba su wani ƙaramin aiki dabam.

Waya da fis

Wutar batir ba ta fizgar mutum kamar ta gida, shi ya sa a ke raina ta. Amma in ƙarfe ya gama kawunan biyu, ɗaruruwan amfiya ke wucewa lokaci guda, sufana ta yi ja, zobe ya ƙone yatsa. Saboda haka a kiyaye waɗannan.

Waya ta zama ta jan ƙarfe mai silli da yawa. A kasuwa akwai ta sanholo wadda aka yi wa rufin jan ƙarfe, a kankare bakinta a gani, in cikinta fari ne a bar ta. Don amfiya 100 a gajeren zango a sa mai kaurin milimita murabba'i 35, don amfiya 50 a sa mai 16. Bakin kowace waya a matse masa kunne na ƙarfe a ɗaure da noti, kada a murɗa silli a kan batir kawai, gama girgizar hanya za ta kwance shi.

A sa babban fis a jar waya dab da batir, kada nisansa ya wuce taƙi guda, kamar santimita 18. Aikinsa shi ne ya tsinke kafin waya ta kama wuta, don haka ƙarfinsa kada ya fi abin da wayar za ta ɗauka. In ya tsinke a nemi dalili, kada a yarda a maye gurbinsa da ƙusa ko guntun waya. Bayan fis a sa makunni babba wanda zai yanke wuta duka.

Wajen kwancewa a fara cire baƙar waya, wajen ɗaurawa ita ce ta ƙarshe. Mai aiki ya cire zobe da agogo, ya naɗe hannun sufanarsa da tef.

Wurin ajiya

Batirin dalma mai Ah 100 ya kai kilo 30, huɗu ke nan kilo 120. A ajiye su a kan gindin ƙafafun tirela ko gaba kaɗan, a ɗaure tam. In nauyi ya koma baya, tirela ta kan yi lilo a kan hanya har ta juyar da mota.

Akwatin ya sami ƙofofin iska sama da ƙasa. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, in kuwa ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi guda ya isa ta fashe. Kada a sha taba a kusa, kada a duba ruwan batir da ashana, kada a sa inbata ko jarkar mai a akwati guda da batura, kada kuma kowa ya kwana a rufaffen wuri tare da su.

Zafi shi ne babban abokin gaban batir a ƙasarmu. An auna kwanakinsa ne a digiri 25, duk ƙarin digiri 10 kuwa ya kan rage su da wajen rabi. A Sakkwato da Maiduguri zafin bazara ya kan wuce digiri 40 a inuwa. Don haka a shafa wa akwatin farin fenti, in an sauka zango a tsai da tirela a inuwa, faifan kaɗai a fitar rana.

Cikawa

Don bukatar wat-sa'a 1,200 a rana, faifan hasken rana na wat 300 zuwa 400 zai wadatar, gama a Arewa a kan sami wajen sa'a 5 na rana mai ƙarfi. Tsakanin faifai da batura tilas a sa na'urar daidaita caji. A fara jona ta da batura, sa'an nan da faifai. Wajen kwancewa a fara cire faifai. Lokacin hunturu a riƙa share ƙura kowace safiya.

In ana so mota ta riƙa cika baturan tirela a kan hanya, a sa na'urar da ke raba su da batirin mota da zarar an kashe inji. In babu ita, firji zai shanye batirin motar da dare, gari ya waye mota ta ƙi tashi a tsakiyar daji. Mota mai bolt 12 kuma ba ta cika haɗin bolt 24, haka nan lithiyom bai kamata a jona shi da mota kai tsaye ba. Dukansu suna bukatar na'urar caji tasu.

Batirin dalma in an bar shi ba wuta kwana da kwanaki, wani farin gishiri ya kan daskare a faifansa, ba ya sake cika kamar da. Ranar da aka dawo rangadi, ranar za a sa shi caji.

Aikin malami

Malami ya buɗe littafi na batura. A rubuta wa kowane lamba da fenti, a shigar da ranar saye da sunan mai sayarwa da takardar lamuni. Kowane wata a kashe kome, a cire caji, a raba baturan, a bar su su huta sa'o'i kaɗan, a auna kowane da mita. Ga batirin dalma mai bolt 12: 12.6 ko 12.7 cike ya ke, 12.4 saura kashi 3 cikin 4, 12.2 rabi, 12.0 saura rubu'i, ƙasa da 11.9 ya ƙare. In guda ya riƙa kasa 'yan'uwansa wata bayan wata, a kai rahoto tun da wuri.

A duba ruwa, kada faifan ciki su bayyana. Tataccen ruwa irin na batir kaɗai a ke ƙarawa, ba na rijiya ko na leda ba, ba a kuma ƙara ruwan batir mai ƙuna. In kawuna sun yi farin gari, a wanke su da ruwan kanwa ba tare da ya shiga ciki ba, a bushe, a ɗaure, a shafa basilin. In ruwan batir ya fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15 ko fiye, a garzaya asibiti.

Mataccen batir

Wannan magana ta shafi Hakimi da kansa, domin ran talakawansa ke ciki. Dalma guba ce, ta fi kuma cutar da ƙananan yara, tana taɓa ƙwaƙwalwa, ba ta da wari balle a gane ta. A Thiaroye, kusa da Dakar a ƙasar Sanagal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin batura a unguwarsu. A 2010 kuma gubar dalma daga dutsen zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a Zamfara. Saboda haka kada a bari a fasa batir ko a narka dalmarsa a cikin gari, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada a mai da kwandonsa mazubin ruwa ko akushin kaji. A mayar wa dillali shi a rufe yadda ya ke. Ana roƙon Hakimai su isar da wannan gargaɗi ga Dagatai da Masu Unguwanni, su kuma su isar ga jama'a.

Rigakafi ya fi magani. In mai aiki ya ce ya gama, malami ya ɗauki wannan takarda ya bi haɗin waya bayan waya, ya ga fis da idonsa, ya auna bolt da hannunsa, sa'an nan ya shaida wa Hakimi a biya.

Wassalam.